Nonon Uwa da Madarar Gwangwani a Ƙasar Ƙaraye da Rogo

Bisa ga al'adar Bahaushe, jariri mai ƙiba abin alfahari ne. A ƙauyukan Ƙaraye da Rogo, idan mata sun zo barka suka tarar da yaro ɓul-ɓul, sai su yi ta yaba mai jego da uwar goyonta, a ce kunun kanwa ya karɓe ta. Wannan sha'awa ba ta rasa dalili ba, domin kuwa ramar yaro da tamowa su ne mutanen karkara suka fi sani. To amma daga nan ne wata sabuwar ɗabi'a ta samu ƙofa, wato ƙara wa jariri madarar gwangwani a bulumboti alhali uwarsa tana da nono, wai don ya yi saurin cika ido.

Ita wannan madara da nonon saniya ake yin ta, shi kuwa nonon saniya ya ninka na mutum kusan sau uku wajen sinadarin furotin. Masana'antu sukan rage shi, amma galibi yakan ɗara na uwa. Wani bincike da aka yi a ƙasashen Turai biyar, aka bayyana sakamakonsa a 2014, ya nuna cewa yaran da aka shayar da madara mai furotin da yawa sun fi waɗanda aka ba mai kaɗan haɗarin muguwar ƙiba fiye da ninki biyu da suka kai shekara shida. Akwai kuma abin da ba ya buƙatar likita ya faɗa. Yaron da ke kan nono in ya ƙoshi sai ya saki da kansa, amma mai riƙe da bulumboti idonsa na kan kwalba, ba ya son a bar saura tun da kuɗi aka sa. Da haka ake koya wa ciki wuce ƙoshi tun yana goye, ƙibar ƙuruciya kuwa sau da yawa takan bi mutum har girma, ta share wa ciwon sukari da hawan jini hanya.

A gidan talaka kuma al'amarin juyawa yake yi. Gwangwani ya yi tsada, sai a tsarma ta da ruwa don ta daɗe, ruwan kuma na rijiya ne ko na madatsar Challawa, ba a tafasa ba. Sai zawo ya biyo baya, nonon uwar kuma ya janye saboda tsotso ya ragu. Irin wannan ɓarna ce ta sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa ƙa'idojin tallar madarar jarirai a 1981, Nijeriya ta yi tata dokar a 1990.

Ba a ce madarar ba ta da rana ba. Maraya, da wanda uwarsa ta kwanta ciwo, suna bukatarta, a auna ta yadda aka rubuta a jikin gwangwani. Ga sauran yara, shawarar hukumar tun 2001 ita ce nono zalla har wata shida, ko ruwa ba a ƙarawa, tun daga dakashin farko da wasu tsofaffi kan matse su zubar. Bayan nan a haɗa da kunu da sauran abinci, a ci gaba da shayarwa har shekara biyu, wanda dama bai yi nisa da lokacin yaye na gargajiya ba.