Fim Ko Dijital: Wace Kyamara Ta Dace Da Mai Ɗaukar Hoto Don Sha'awa?

A shekarar 1975 wani injiniyan kamfanin Kodak mai suna Steven Sasson ya ƙera kyamarar dijital ta farko. Sai da ta yi daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto guda a kan kaset. Fasahar da aka haifa a cikin gidan Kodak ita ce ta karya kasuwar fim ɗinsa, har kamfanin ya bayyana durƙushewa a 2012.

Sai dai fim bai mutu ba. Kodak ya dawo da Ektachrome a 2018, kuma a 2024 Pentax ya fito da sabuwar kyamarar fim mai suna Pentax 17, wadda ke raba kowane gurbi gida biyu, ta yadda naɗi mai hoto 36 zai ba da 72. Matasan da suka tashi da waya a hannu na cikin masu neman ta, saboda launin fim da ɗan tsakitsakin da ke jikin hotonsa, irin wanda manhajojin tace hoto ke ta kwaikwayo.

Abin da ya kamata mai karatu ya duba shi ne inda kuɗin zai tafi. Tsohuwar Canon AE-1 ko Pentax K1000 ta gwanjo ba lallai ta yi tsada ba, amma duk danna maɓalli kuɗi ne: kuɗin fim, kuɗin wanki, sannan kuɗin sikanin kafin hoton ya hau Instagram. Wuraren wanke fim kuwa sun yi ƙaranci, domin galibin masu situdiyo sun koma dijital tuntuni. Ga kuma zafi, wanda ke lalata launin fim. Shi ya sa ake ajiye shi a firij. Duk wanda ya san zafin watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, da halin wutar lantarki, ya san wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Dijital a farko take cin kuɗi, daga nan sai batir da katin memori. Mai koyo yana ganin kuskurensa nan take, ya gyara, ya sake ɗauka. Yana iya canza ISO daga hoto zuwa hoto, alhali fim mai ISO 200 haka zai zauna har naɗin ya ƙare, ko da magariba ta yi. Matsalarta ƙurar hunturu ce, wadda kan shiga cikin kyamara idan ana canza gilashi a waje.

Ga mai farawa, dijital ta fi, ko da kyamarar wayarsa ce a tsarin Pro, inda zai koyi sarrafa haske da saurin ɗauka kyauta. Fim ya fi dacewa da wanda hannunsa ya riga ya faɗa, kuma ya samu inda za a wanke masa kafin ya sayi naɗin farko.