Daudawar batso tana hannun mata, iliminta yana cikin kabad

A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa hawan jini ya kama mutum ɗaya cikin kowane manya uku a duniya. Hukumar ta daɗe tana cewa kada gishirin da babba zai ci a yini ya kai giram 5. To, dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne, kuma a ƙauyukan Sae Sabuwa, Agye da Gazawa na yankin Maradi da wuya ka ga tukunyar miyar da ba a marmasa shi a ciki ba. Daudawa tana ja da baya, kuma a ganina jami'o'inmu suna da babban kaso a laifin.

Mai yin daudawar batso tana dafa gurguzu har ya yi laushi, ta daka, ta zuba ruwan toka, ta rufe shi a wuri mai ɗumi kwana biyu ko uku. Cikin wannan rufin ƙwayoyin halitta na dangin Bacillus suke fitar da sinadaran da ke narkar da furotin, su ba da ƙamshin da ke tashin unguwa. Wannan dangin ne kamfanin Novo na Denmark ya kiwata a manyan tankuna tun shekarun 1960, yana sayar da sinadarinsa ga masu yin omo. Japanawa kuma sun ware irin Bacillus subtilis mai tsabta, suna zuba shi a waken soya, kowane kwano ya fito daidai da na jiya.

Mu fa? S. A. Odunfa ya yi nazarin ƙwayoyin daudawar kalwa a Ibadan tun shekarun 1980, masu bincike a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato sun yi na batso. An san ƙwayar, an san aikinta. Abin da bai iso hannun mai yin daudawa a Gidan Runji ba shi ne ƙullin iri mai tsabta da za ta barbaɗa a kaskonta. Don haka yau tata ta yi daɗi, gobe ta yi ɗaci, wani lokacin ma Bacillus cereus mai kawo gudawa da amai ya samu shiga. Dalili kuwa, a jami'a ana auna malami da yawan takardun da ya wallafa, ɗalibi ya kare kundinsa, a ɗaure a jera. Babu wanda ƙarin girmansa ya dogara da ko miyar wata ta gyaru.

Wasu za su ce talla ce da araha suka kayar da daudawa, kuma 'yan mata ba sa son warinta a hannu. Akwai gaskiya a ciki, kuma daudawa kaɗai ba za ta warkar da hawan jini ba. Amma wari da rashin tabbas su ne ainihin abin da iri mai tsabta da busarwa mai kyau suke iya ragewa.

Asarar ta wuce ta lafiya. Kuɗin cefane yana tafiya masana'antun waje, tsohuwar da ke sayen gurguzu ta rasa ciniki, manomin da ke jera yakuwa a gefen gero ya rasa mai saye. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Tarna suna nan Maradi, tafiyar da ba ta kai yini ba daga waɗannan ƙauyuka. Gwajin iri ɗaya da ƙungiyar mata ɗaya bai fi ƙarfinsu ba.