Filin Jirgin Sama na Barra, Inda Teku Ke Tsara Lokacin Tashi

Barra ƙaramin tsibiri ne a yammacin Sikotilan, cikin ƙasar Birtaniya, kuma mazaunansa ba su wuce mutum dubu ɗaya da 'yan ɗaruruwa ba. Filin jirgin samansa yana arewacin tsibirin, a wani faffaɗan bakin teku da ake kira Traigh Mhòr, wato babban rairayin gaɓa a harshen Gelik da mutanen wurin ke yi. Tun 1936 jirage ke sauka a nan, kuma har yau ba a zuba kwalta ba. A kan rairayi jirgi ke sauka, a kansa yake tashi. Shi kaɗai ne filin jirgi a duniya da jiragen fasinja masu zirga-zirga a kai a kai ke sauka a gaɓar da teku ke rufewa.

Ruwan teku yakan cika ya kuma janye sau biyu a yini, saboda jan da wata ke yi masa. In ya cika, rairayin gaba ɗaya yakan koma ƙarƙashin ruwa, sai dai a hangi kawunan sandunan katako da aka kafa don nuna hanyoyin sauka guda uku. An tsara su kamar duwatsun murhu, ta yadda duk inda iska ta dosa, matuƙi zai sami hanyar da zai fuskance ta. In ruwa ya janye, sai ya bar rairayi mai danshi da tauri, wanda ke ɗaukar nauyin jirgi ba tare da tayoyi sun nutse ba. Lokacin cikar ruwan kuwa kullum yana matsawa gaba da kusan minti 50, shi ya sa ba a tsayar da lokacin tashi ɗaya ba. Matafiyi kan duba ranar tafiyarsa, domin lokacin jiya ba lalle ne ya zama na yau ba.

Kamfanin Loganair ne ke jigilar mutane zuwa birnin Gilasgo da jirgi ƙirar Twin Otter mai kujeru 19, tafiyar kusan awa guda. Jirgin ruwa kuwa daga garin Oban zuwa Castlebay, babban garin tsibirin, yana cin kusan awa biyar, in ma guguwa ba ta hana shi fita ba. Ga mara lafiyar da asibitin babban birni ke jira, wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Kuɗin tikiti kaɗai ba ya biyan wannan hidima, don haka gwamnatin Sikotilan ke tallafa wa jigilar, kuma kamfaninta, HIAL, ke kula da filin.

Gaɓar ba ta jirage kaɗai ba ce. Mutane na shiga su tono wasu halittun ruwa masu ɓawo da ake ci, dangin dodon koɗi. Da zarar an ɗaga ƙyallen nan mai kama da safa wanda ke nuna inda iska ta nufa, kowa ya san filin ya fara aiki, sai a tattara bokitai a fita. Da dare ba a tashi, sai in larurar gaggawa ta taso. A irin wannan hali akan jera motoci a haska rairayin da fitilunsu, a shimfiɗa ƙyallaye masu ƙyalli, har jirgin ya sauka.