Kaziye: Takardar da Ke Buɗe wa Matafiyi Hanya ko Ta Rufe

Da zarar an kammala girbin gero da wake, sai tashoshin mota na Agye, Gazawa da Gidan Rumji a jihar Maradi ta Nijar su cika da matasa masu haramar tafiya biɗa. Wasu Katsina da Kano suka nufa, wasu Legas ko Abijan, wasu kuma hankalinsu na kan Saudiyya. Kaɗan ne ke tunanin cewa hukuncin da alƙali ya taɓa yanke musu zai iya tare musu hanya.

A iyakar kusa, maganar ba ta cika tasowa ba. Wanda ya bi ta Ɗan Isa zuwa Jibiya, katin ɗan ƙasa ake tambayarsa. Yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 ta ba ƴan yankin damar shiga ƙasashen juna ba biza har kwana 90, kuma ko bayan ficewar Nijar daga ƙungiyar a ranar 29 ga Janairun 2025, ƙungiyar ta ce a ci gaba da barin mutane su wuce. Amma yarjejeniyar ta bar wa kowace ƙasa ikon mayar da duk wanda dokarta ta hana shiga.

Sai tafiya ta yi nisa ake neman kaziye, wato takardar da ke nuna ko kotu ta taɓa yanke wa mutum hukunci. A jastis ake karɓarta, wajen magatakardan kotun da ke kula da garin da aka haifi mutum, kuma galibi ba a karɓar wadda ta wuce wata uku. Kashi uku ce, mai lamba 3 ita ake miƙa wa mai ita, tana nuna hukuncin ɗauri idan akwai. Rikicin gona da aka sasanta a gaban hakimi ba ya shiga ciki. Wanda ya yi zaman gidan kaso saboda sata ko safarar ƙwaya kuwa, sunansa na rubuce.

Kowace ƙasa da ma'auninta. Amurka na bukatar takardar shaidar rashin laifi daga duk mai neman bizar zama da ya kai shekara 16, kuma laifin ƙwaya na hana shiga ko da tsoho ne. Wanda ya ɓoye laifinsa aka gano, ana iya haramta masa ƙasar har abada. Ingila na ƙin ba da biza ga wanda aka yanke wa ɗaurin wata 12 ko fiye. Kanada ta bar ƙofar sassauci: shekara biyar bayan kammala hukunci, mutum na iya neman a wanke shi.

Abin da ya fi taɓa mutanen jihar Maradi shi ne laifin da ake yi a can waje. A filin jirgin Jidda ana ɗaukar hoton yatsu da na fuska, don haka sauya suna ko fasfo ba ya ɓatar da sawu. A 2025 Saudiyya ta sanar da tarar da ta kai riyal 20,000 ga mai yin Hajji ba izini, kuma baƙon da aka kama ana tasa ƙeyarsa gida tare da haramcin komawa na shekara 10. Ko da kaziyensa ta Nijar fes take, ko da ya biya kuɗin kujera cif, sunansa na nan cikin na'urar Saudiyya har wa'adin ya cika.