Tsohuwar laftof, tsohon makulli: abin da ɗalibi zai duba kafin ya sayi adaftar Wi-Fi

Duk lokacin komawa makaranta, masu sayar da kwamfutoci na hannu a Farm Centre ta Kano da Computer Village ta Ikeja suna ganin ɗalibai rututu. Tambayoyinsu kusan iri ɗaya ne: batirin yana daɗewa? Nawa ne girman ma'ajiyarta? Ba kasafai wani ke tambaya game da ɗan katin da ke haɗa laftof da Wi-Fi ba, alhali shi ne zai nuna ko kwamfutar za ta shiga intanet ɗin makaranta, da kuma ko wanda ke ɗakin da ke kusa zai iya leƙa abin da take aikawa.

Saƙon Wi-Fi a iska yake tafiya, duk mai na'ura a kusa zai iya tsintarsa. Shi ya sa ake ɓoye shi da lissafi. Makulli na farko shi ne WEP, wanda ya zo da ƙa'idar 802.11 a 1997. Bai daɗe ba. A 2001 masana uku, Scott Fluhrer da Itsik Mantin da Adi Shamir, suka nuna rauninsa: ƴar lambar da yake liƙa wa kowane ƙunshin saƙo gajera ce ƙwarai, kuma a fili take tafiya, don haka wanda ya tara ƙunshi da yawa zai iya lissafo mabuɗin. Zuwa 2007 masu bincike a Darmstadt ta Jamus sun fasa shi cikin ƙasa da minti ɗaya. Tsawon kalmar sirri ba ya ceto, domin lalacewar a cikin ginin take.

An ga illar a zahiri. A 2007 kamfanin TJX na Amurka ya sanar da satar bayanan katunan biyan kuɗi sama da miliyan 45, kuma ɓarayin sun samu ƙofa ne ta Wi-Fi ɗin shagunansa masu amfani da WEP. Jagoransu, Albert Gonzalez, ya samu ɗaurin shekara 20 a 2010.

WPA ya maye gurbinsa a 2003, WPA2 a 2004, sai WPA3 a 2018. Shi ma WPA2 an gano masa rauni a 2017, lokacin da Mathy Vanhoef na jami'ar Leuven a Beljiyam ya bayyana harin KRACK, amma wannan an toshe shi da sabunta manhaja. Matsalar ita ce tsohuwar adafta da kamfaninta ya daina kula da ita ba ta samun irin wannan gyara.

Kafin a kashe ko kwabo, a fara duba wadda ke cikin laftof ɗin. A Windows, rubuta netsh wlan show drivers a Command Prompt zai jero nau'o'in tsaron da take ɗauka. Idan akwai WPA2-Personal da WPA2-Enterprise, ta wadatar. Na biyun yana da muhimmanci ga ɗalibi, domin shi ne tsarin da kowa ke shiga da sunansa da kalmar sirrinsa, irin na eduroam da jami'o'i da dama a duniya ke amfani da shi.

Idan dole sai an sayi ta USB, a karanta kwalin. Wadda aka rubuta 802.11ac ko ax galibi tana kama zango biyu, 2.4 da 5 GHz. A hostel mai cunkoso, inda wayoyi da dama ke raba intanet a zango na farko, na biyun ya fi sarari, ko da yake ba ya ratsa bango sosai. Ƙananan nan masu arha da ke 802.11n mafi yawansu zango ɗaya kawai suke kamawa. A kuma tabbata akwai direbanta na Windows ɗin da ke kan kwamfutar, kuma gara a gwada ta a shagon.

Adafta dai rabin aikin ce. Mai MiFi ko rawuta shi ke zaɓar makulli, kuma idan ya bar shi a WEP, sabuwar adafta ba ta da abin yi. Ya mayar da shi WPA2 mai AES ko WPA3, ya kashe WPS, wanda aka nuna a 2011 cewa ana iya cankar lambarsa cikin sa'o'i. Kalmar sirrin da duk bene ya sani kuwa ba sirri ba ce: a WPA2-Personal, wanda ya san ta kuma ya kama lokacin da ɗan'uwansa ke shiga zai iya buɗe saƙonninsa, sai dai waɗanda https ya riga ya rufe.