Jagorancin Binciken Haɗin Gwiwa Kan Zazzaɓin Cizon Sauro da Noma

A ranar 25 ga Afrilu, 2000, shugabannin ƙasashen Afirka suka taru a Abuja, suka ɗauki alkawarin rage mace-macen zazzaɓin cizon sauro da rabi kafin 2010. A 2001 kuma ƙungiyar cibiyoyin binciken noma ta duniya, wato CGIAR, ta ƙaddamar da shirin SIMA, ta ɗora jagorancinsa a kan cibiyar binciken ruwa ta IWMI mai hedikwata a Siri Lanka. Dalili kuwa shi ne, ruwan da ke raya shinkafa a wurare irin su Kadawa, shi ne kuma sauro ke hayayyafa a cikinsa.

Wahalar tafiyar da irin wannan shiri ita ce masu ruwa da tsaki ba bakinsu ɗaya ba. Mai ba da kuɗi yana ƙetare, likita na ƙidayar majinyata, malamin gona na auna amfani, manomi kuwa galibi ba shi da kujera a kwamiti. A Nijeriya, Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa da asusun TETFund duk suna Maitama, nesa da fadama.

A nan ne abin ya shafi masana harshe. Bahaushe kan kira kowane zafin jiki da zazzaɓi. Ƙarin “cizon sauro” fassara ce ta ma'aikatan lafiya. Idan kwamiti ya amince da takardar tambayoyi da Ingilishi, ya bar fassararta ga tafinta a bakin gona, to alƙaluman da za su koma gare shi na zazzaɓi iri-iri ne, alhali maleriya kaɗai ya tambaya.