Neman gurbin koyarwa a cibiyoyin fasaha da muhalli: wa takarda ke shigarwa, wa take bari a waje?

Cibiyar fasaha da muhalli wuri ne da ke haɗa aikin hannu da ƙasar da kayan aikin ke fitowa daga cikinta: yumɓu, baba, kaba, itace. Akwai irin waɗannan wurare a Najeriya, ko da yake yawancinsu a kudu suke. Nike Davies-Okundaye ta buɗe cibiyarta a Osogbo a 1983, a garin da kurmin Osun yake, wanda UNESCO ta saka cikin wuraren tarihi na duniya a 2005. Bruce Onobrakpeya yana shirya bitar Harmattan a Agbarha-Otor ta Jihar Delta tun 1998. Gidauniyar G.A.S. ta Yinka Shonibare kuwa tana da masauki a Legas da wani a cikin gona a Ikise, Jihar Ogun.

Kowace cibiya da tsarinta, wasu ma gayyata kawai suke yi. Amma inda aka buɗe ƙofar nema, a nan gida ko a ƙetare, abubuwan da ake tambaya ba su cika bambanta ba. Ana son taƙaitaccen tarihin mai nema, da hotunan ayyukansa, da bayanin bitar: me ɗalibi zai iya bayan an tashi, mutum nawa ajin zai ɗauka, kwana nawa za a yi, nawa kayan aiki za su ci. Ɓangaren muhalli yana ƙara tasa tambayar, wato daga ina za a samo kayan, kuma me za a yi da ruwan rini ko tokar da ta rage. Wannan tambaya tana kan hanya, domin gasa tukwane yana cin itace, haƙar yumɓu kuma tana barin rami.

Matsalar tana cikin siffar neman kanta. Galibi da Turanci ake rubuta shi, ta intanet ake aika shi, kuma yana buƙatar mutum ya yanka iliminsa zuwa darasi na awa uku ko kwana biyu. Marinin Ƙofar Mata a Kano, inda ake danganta kafuwar marinar da shekarar 1498, ba haka ya koyi sana'arsa ba. Haɗin baba da toka da kanwa yana ɗaukar makonni kafin ya nuna a cikin rami, kuma da ido da hanci ake gane ya nuna, bayan shekaru a gaban uba ko maigida. Idan aka ajiye takardarsa kusa da ta wanda ya gama sashen zane na jami'a bara, mai tantancewa zai fi fahimtar ta biyun, alhali na farkon ne ya san rini.

Tarihin Ladi Kwali ya nuna abin da ake iya rasawa. Ta koyi ginin tukunya a gida, a ƙauyen Kwali na Gbagyi, ba a makaranta ba. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew ya kafa a Abuja ta wancan lokaci, wato Suleja ta yau, kuma ita ce mace ta farko da ta shiga. Aikinta aka gani, shi ya buɗe mata ƙofa. Daga baya ta nuna gwanintarta a Ingila da Amurka, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, yau kuma hotonta ne a bayan naira 20. Da wuya a ce za ta tsallake tantancewar da ke farawa da tambayar takardar shaidar karatu.

Sai batun kuɗi, wanda masu nema sukan ji nauyin tadawa. Wasu cibiyoyin suna biyan malami kuɗi tsayayye, wasu suna raba abin da ɗalibai suka biya tsakaninsu da shi, wasu kuma masauki da abinci kaɗai suke bayarwa. A tsarin rabo, idan ɗalibai ba su cika ba aka soke ajin, malamin da ya riga ya sayi kaya ne ke kwana ciki. Ya kamata a san wannan a rubuce kafin a amsa. Haka nan batun hoto da bidiyo: idan cibiya ta ɗauki yadda ake haɗa rini ko zanen da wani gida ya gada, wa ke da ikon sayar da shi ko saka shi a talla? Yarjejeniyar da ta yi shiru a kan wannan ta fi amfanar wanda ke riƙe da kyamara.

Gyaran ba ya buƙatar sabuwar doka. Cibiya tana iya karɓar bidiyon waya a maimakon dogon rubutu, ta karɓi nema da Hausa, ko ta tura mutum ya je ya ga aikin a marina ko maƙera. Hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, mai hedikwata a Kaduna, tana da tsarin tantance ƙwarewar da mutum ya samu a wajen aji har a ba shi shaida, kuma ba abin da ke hana cibiyoyi amincewa da ita. Ma'aikatar fasaha da al'adu ta tarayya, wadda aka kafa a 2023, tana iya sanya irin wannan sharaɗi ga duk cibiyar da ke neman tallafinta.

Kafin hakan ta tabbata, hanyar da ke akwai ita ce neman haɗin gwiwa: matashi mai Turanci da waya ya rubuta, gwani ya koyar. Tsarin yana aiki ne idan sunan gwanin ya fito a matsayin malami a takardar nema da sanarwar aji, an kuma rubuta kason kowa tun kafin a aika.